Nasiha Ga Samari Mahaya Keke A Kan Sanyin Hunturu

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, waɗanda Allah ya ƙaddara neman iliminku ko neman halalinku ya rataya a kan keke, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ke gani kowace safiya tun da iskar hunturu ta kaɗo, idan na fito daga sallar Asuba na ɗan tsaya a bakin titi kafin gari ya gama wayewa. Samari ne suke wucewa cikin hazo, wasu za su makaranta, wasu za su wurin koyon sana'a, wasu kuma za su buɗe rumfar maigidansu a Babbar Kasuwar Gombe. Wannan ya soke hannu ɗaya a aljihu ya bar wa ɗayan tuƙi da birki, wancan ya naɗe kai da mayafi har ba ya iya waiwaye, wani kuwa ya shige cikin ƙatuwar kwat wadda aka ɗinka domin dusar ƙanƙarar Turai, gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali yatsunsa sun ƙage. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka yi shelar janye tallafin man fetur, kuɗin abin hawa ya fi ƙarfin talaka, aka koma ɗakunan ajiya aka fito da kekunan da aka manta da su: Raleigh ta iyayenmu, wadda a dā har masana'antarta akwai a Kano, da Phoenix ta ƙasar Sin, da Hero ta Indiya. An fito da kekunan, amma ilimin hawansu cikin ɗari, wanda dattawa suka sani ba tare da sun karanta shi ba, bai biyo su ba, domin an yi shekaru babur ya raba samari da feda.

Kafin mutum ya kai hannu aljihu, wajibi ne ya fahimci irin sanyin da yake neman tsari daga gare shi, gama wanda bai san cutar ba, ko ya sayi magani mai tsada, asara ya yi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa mana, ta ƙetaro hamadar Sahara, kuma galibin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele ne da ke arewacin Cadi, wanda gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da ba a tunawa. Takan fara daga ƙarshen Nuwamba ta kai wajen Maris, tsananinta kuwa a Disamba da Janairu yake. Malaman hisabi na dā, waɗanda suka kasa shekara manzilin taurari 28, kowane kwana 13 in ban da guda mai kwana 14, sun ba wannan lokaci manzili bakwai, na farkonsu Sa'adu Zabiha, kuma da wannan lissafi kakanninmu suke sanin ranar fito da bargo. A garinmu, idan ɗari ya kankama, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, amma kafin azahar ya haura 30. Mutumin Jos zai ce wannan ba sanyi ba ne, balle mutumin Kanada da yake hawan keke a kan ƙanƙara da taya mai ƙusoshi. To, ai kuwa a nan mas'alar take: sanyinmu busasshe ne, yana tafe da ƙura, kuma baƙo ne mai gajeren zama, wanda yakan yi sallama da hantsi. Kayan da suka dace da sanyin da ke wuni, ba su ne suka dace da sanyin da ke tafiya da ƙarfe goma ba.

Sa'an nan kuma sanyin mahayi dabam yake da sanyin mai gadi ko mai rumfa. Wanda ke zaune, jikinsa ba ya aiki, saboda haka kauri yake bukata. Amma mai taka feda murhu ne da kansa, bayan 'yan mintoci kaɗan cinyoyinsa da bayansa sun ɗau ɗumi, abin da ke cutar da shi shi ne iskar da gudunsa ke haifarwa, wadda take dukan ƙirji, ta shiga ta wuyan riga, ta daskarar da yatsu da kunnuwa. Ku dubi randar da ke ƙofar gidanku, ku tambayi kanku dalilin da ya sa ruwanta ya fi sanyi da hunturu har yakan kama haƙori. Dalilin shi ne ruwan da ke naso ta jikin yumɓu, busasshiyar iska tana kwashe shi da sauri, kuma duk ɗigon da ya tashi yana tafiya ne da wani rabo na zafin randar. Mutumin da ya jiƙe da gumi a cikin rigar auduga, sa'an nan iska ta same shi, randa ya zama, ba ƙari ba ragi.

Wannan ban karanta shi a littafi kafin in ɗanɗana shi a jikina ba. Ina saurayi kamarku na tara 'yan kuɗina na sayi wata kwat mai nauyi a wurin wani mai gwanjo, baƙa, mai gashi a wuya, kuma gaskiyar magana ita ce don ado na saye ta, ina son a gan ni da ita. Da safe na hau keke na nufi wajen Tumfure da aike. Duk wanda ya san Gombe ya san gari ne da ke kwance cikin kwari, mai fita ta hanyar Bauchi hawa yake yi, mai shigowa kuwa gangara. Kafin in kai rabin tudun na jiƙe sharkaf, singileti ta manne a bayana. Da na sauke saƙon na juyo, sai na ɓalle maɓallan gaba ɗaya don in sha iska, na saki keke a gangare. Jaura ta ratsa jiƙaƙƙen ƙirjina kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara, na iso gida haƙorana suna kaɗawa, na kwanta kusan mako biyu da zazzaɓi da tari da ciwon haƙarƙari, mahaifiyata tana kwana a kaina. Likitoci sun ce ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura da ciwon huhu, ba sanyi da kansa ba, kuma maganarsu gaskiya ce. Amma jikin da ya galabaita, da hancin da ƙura ta busar har ya tsattsage, su ne suke buɗe wa ƙwayoyin ƙofa.

Saboda haka ka'idar da nake so ku riƙe ita ce sirara uku sun fi mai kauri guda. A jikin fata a sa abin da ba ya riƙe gumi, kuma a nan rigar ƙwallo da kuke da ita a gida ta fi singiletin auduga nesa ba kusa ba. A kanta suwaita mara nauyi, idan an sami ta ulu madalla, domin ulu ko ya ɗan jiƙe ba ya rabuwa da ɗuminsa. A waje kuma jaket sirara mai santsi wadda iska ba ta ratsawa, mai zif a gaba, yadda za a buɗe ta a hawa, a rufe ta a gangara, da hantsi kuma a naɗe ta a ɗaure a kariya. Alamar cewa kun yi shiga daidai ita ce ku ji ɗan sanyi a lokacin da kuke fitar da keke daga zaure. Wanda ya ji ɗumi sosai tun a ƙofar gida, lalle ya yi yawa, kuma zai biya da gumi a hanya. Wanda kuwa ba shi da halin sayen jaket a bana, kada ya ji kunya ya ninke tsohuwar jarida ya sa ta tsakanin suwaita da ƙirjinsa. Manyan 'yan tseren keke na Faransa da Italiya sun daɗe suna yin haka idan za su gangaro daga kan duwatsu, kuma ba wanda ya ce mutuncinsu ya ragu.

Amma da za a ce mini kuɗinku abu guda kaɗai zai saya, ba jaket zan ce ba, safar hannu zan ce, kuma ina roƙonku ku tsaya a kan wannan magana ku yi mata tadabburi. Idan jiki ya ji sanyi, hikimar halitta ita ce ya janye jini daga gaɓoɓin nesa ya tattara shi a ƙirji da ciki don kiyaye zuciya, sai yatsu su rasa ɗumi, su rasa ji, su yi nauyin motsi. Alhali waɗannan yatsun su ne ke riƙe da birki, kuma kan keke ƙarfe ne mai zuƙe zafin duk abin da ya taɓa shi. Yaron da ya sa hannu a aljihu ba shashanci ne ya sa shi ba, azaba ce. Sai dai a daidai lokacin da akuya ta gitta, ko ɗan acaba ya karyo kwana ba sigina, ko tirela ta taho daga baya tana huci, daƙiƙar da zai ɓata wajen zaro hannun ita ce tsakaninsa da asibiti. Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya, kuma jikin nan amana ce a hannunku wadda za a tambaye ku yadda kuka yi da ita. Ban ga yadda mutum zai iya sayen katin waya kullum, ya ce safar hannu ta fi ƙarfinsa ba. Ku nemi wadda ta kama hannu ba tare da matsewa ba, mai roba ko fata a tafi don kada ta zame, wadda kuma ta haura wuyan hannu ta shige ƙarƙashin hannun riga. Ta saƙa zalla iska tana ratsa ta kamar rariya. Irin wadda magina da masu aikin ƙarfe suke sawa, mai shafin roba, ta fi ta amfani kuma ta fi ta araha, ana kuwa samunta a layin masu kayan gini.

Yanzu bari mu shiga kasuwa tare. Kayan sanyi na gwanjo a dila suke zuwa, da yawansu ta hanyar Kwatano, wasu 'yan kasuwarmu kuma daga Ƙofar Wambai ta Kano suke saro su, kuma duk wanda ya saba ya san ranar da aka fasa dila ita ce ranar zaɓe, bayan kwana uku sai tarkace. Farashi kuwa yana bin iska: da hazo ya rufe gari kowa ya ruga, mai kaya ya ɗaga kai, mai tadbiri tun Oktoba yake sayensa, ana kakar gyaɗa da wake, rana tana dukan rumfa ba mai tambayar rigar sanyi. Idan kun isa, ku yi sallama ku gaisa kamar yadda aka koya muku a gida, gama ɗan kasuwa yana rangwanta wa mai ladabi abin da ba ya rangwanta wa mai gadara.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Jaket nake nema mara nauyi, ta hawan keke."

"Lafiya lau, ɗan samari. Ga wannan mai kauri, ita samari ke yayi."

"Allah ya ƙara kasuwa, Baba, amma waccan sirarar nake so in gani."

Idan ya miƙo muku ita, kada kunya ta hana ku gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku kara ƙyallen a bakinku ku hura, tafin hannunku yana ɗaya gefen. In kun ji numfashinku ya iso hannun, to iskar gangaren Tumfure ma za ta iso ƙirjinku. Ku ɗaga ta sama ku dube ta ta fuskar rana don ganin huda da wurin da ya sule. Ku ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, ku duba ɗinkin hammata da na aljihu. Sa'an nan ku sa ta, ku sunkuya, ku miƙa hannuwa gaba kamar kun riƙe kan keke: idan hannun rigar ya janye ya bar wuyan hannu a waje, ko bayanta ya ɗage ya tone ƙugu, ba taku ba ce, ko da ta yi muku kyau a tsaye. Launi kuma kada ku raina shi. Baƙa da toka-toka suna narkewa cikin hazo, ja da rawaya da ruwan lemo kuwa direba yana hango su daga nesa. Idan ciniki ya faɗa, ku tambayi mai kaya a fili ko akwai aibin da ya sani, domin Shari'a ta haramta masa algus, ta kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ku ma kada ku kushe kaya da ƙarya don a rage muku, wannan shi ma zalunci ne. In kun kai gida, a wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana sosai kafin a sa, gama ba ku san jikin da ya rabu da ita ba.

Kai da fuska suna da nasu hukunci. Hular sanyi ta saƙa wadda ta sauko ta rufe kunnuwa ta wadatar, da sharaɗin kada ta toshe ji, domin mahayin keke da kunne yake ganin abin da ke bayansa. Wanda ya haɗa hular sanyi da abin sauraron waƙa a kunne ya kurmantar da kansa da gangan a kan titin da manyan motoci ke bi. Wanda Allah ya hore wa hular kwano, ya sa sirarar hula a ƙarƙashinta. Game da ƙura kuwa, kakanninmu da Buzayen Azbin sun riga mu gano magani, shi ya sa rawani yake da amawali mai rufe baki da hanci. Takunkumin da kowa ya saba da shi tun annobar 2020 yana yin wannan aiki, musamman ga mai asma, wanda shi bai kamata ya fita ba sai da maganinsa na shaƙa a aljihu. Abin da nake gargaɗinku a kansa da babbar murya shi ne jelar mayafi ko ta rawani da ake bari tana lilo. Na taɓa ganin wani yaro a kusa da Jekadafari, bakin mayafinsa ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta, ya fizge shi ta wuya ya maka shi da ƙasa. Allah ya kiyaye babu mota a bayansa, amma tabon da ke haɓarsa zai tafi da shi kabari. Duk abin da aka naɗa a wuya a cusa bakinsa cikin riga, ƙafar wando ta dama kuma a tura ta cikin safa ko a ɗaure ta da roba. Tabarau fari mara duhu yana tsare ido daga tsakuwar ƙura da hawayen iska, mai duhu kuwa a bar shi sai rana ta ɗaga.

Fata ma tana da haƙƙi. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da bayan hannu da dugadugai, da ɗan kaɗan a ƙofar hanci, kafin fita da kuma bayan alwala, yana hana faso da kaushi da haɓo. Ku sa safa da takalmi rufaffe, ku bar silifa, wadda ke zamewa a kan feda. Tun da na ambaci alwala, na san wasunku suna tambaya ko za su yi shafa a kan safa saboda sanyi. Abin da muka karanta a mazhabar Imamu Malik shi ne shafa a kan huffi na fata ake yi, wanda aka sa bisa cikakkiyar tsarki, safar ƙyalle kuwa sai in an lulluɓe ta da fata, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babi a kan huffi, sai ku koma wurin malaminku ya warware muku. Mafi sauƙi dai a ɗumama ruwan, a tsane gaɓoɓi sosai kafin a hau.

Shi kansa keken yana jin hunturu. Kuskuren da na fi gani shi ne a kwarara wa sarƙa baƙin mai na inji, ana zaton gata aka yi mata. Ƙura kuwa tana samun wannan mai sai ta manne, su haɗu su zama kamar dutsen washi, su cinye sarƙa da haƙora cikin kaka guda. Mako-mako a goge ta da tsumma da ɗan kananzir, a ɗiga mata mai mara kauri irin na keken ɗinki, a sake goge abin da ya yi saura a waje. Robar birki takan bushe ta ƙandare ta daina kama rim, kuma canza ta ba ya kai kuɗin shayi da burodi na 'yan kwanaki. Ku kai wa mai gyaran keke na unguwarku ya duba ta tare da boris da giris tun farkon sanyi. Iskar taya tana raguwa kaɗan da sanyin asuba ta ƙaru da zafin rana, saboda haka kada a cika ta tam da safe sa'an nan a jingine keken a rana har la'asar.

Sai fitila, wadda na ajiye ta nan don ina so ta zauna muku a rai. Akwai safiyar da hazo kan yi kauri har jiragen sama su kasa sauka a filayen Arewa, mutum ba ya gane wanda ke ƙarshen layinsu. A irin wannan safiya, direban da ya kwana yana tuƙi daga Bauchi, ko ya ɗauko siminti daga Ashaka, gilashinsa ya yi ƙura idonsa ya yi nauyi, ba zai ga yaro mai baƙar riga a kan baƙin keke ba sai ya zo kansa. Fitilar gaba fara, ta baya ja mai walƙiya, irin waɗanda ake caji kamar waya, yanzu sun cika layin masu kayan lantarki da na masu kayan keke, kuma ta bayan ta fi ta gaban muhimmanci, domin abin da ke gabanku kuna ganinsa, na bayanku kuwa shi ne ya kamata ya gan ku. Ku riƙe hannun dama, wanda ƙasar nan ta koma tun 1972, kada ku bi hannun da ba naku ba don gajerta hanya.

Idan kun tsaya wurin mai shayi don ku ɗumama ciki, wanda abu ne mai kyau, gama busasshiyar iska tana ƙona ruwan jiki ko mutum bai ji ƙishirwa ba, kada ku matsa kusa da wuta da jaket ɗin nan mai santsi. Tartsatsi guda yana huda ta, harshen wuta kuwa yana narkar da ita ta manne da fata. Ku tuɓe safar hannu ku riƙe kofin da tafi biyu har yatsu su dawo hayyacinsu kafin ku ci gaba.

Idan Allah ya kai mu Maris, iska ta juya, zafin bazara ya fara shigowa, kada ku watsar da kayan a bayan ƙofa inda ɓera da asu za su gaje su. A wanke su, a shanya har su bushe ƙarau, a haɗa safar hannu biyun a cusa su cikin hular, a naɗe duka cikin jaket ɗin a sa a akwati. A wannan watan ne kuma masu gwanjo suke neman rabuwa da ragowar kayan sanyi don su sari na zafi, sai ku leƙa rumfar Baban nan da kuka yi ciniki da shi, ku gaishe shi, ku tambaye shi ko akwai sauran safar hannu daidai ƙaninku da zai fara hawa baɗi.